Ƙarin Jini A Zangunan Akara: Gwajin Farko Yana Bakin Mai Bayarwa

Daga Wakilinmu a Akara

Duk wanda ya kwana biyu a Nima ko Mamobi, manyan zangunan nan biyu na birnin Akara a ƙasar Gana, ya san irin wannan kiran. Yakan zo ne da tsakar dare ko ana idar da sallar Asuba: an kai wance asibiti haihuwa, jini ya ɓalle mata, likita ya ce a kawo mutum biyu su ba da jini. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga lungu-lungu, an tashi ƙannen miji daga barci, an aika majalisar ataya an ɗebo samari, an cika tasi an nufi asibiti. A wannan fanni kam ba a bar mutanen zango a baya ba, domin zumunci da taimakon juna su ne jarin da kakanni suka zo da shi tun zamanin fataucin goro.

To amma akwai abin da kan biyo baya wanda ba a cika son maganarsa ba. Cikin samarin da suka shiga, sai a ɗauki jinin wasu, a ce wa ɗaya ko biyu su yi haƙuri. Wanda aka mayar ya fito yana sunkuyar da kai, idanun dangi na kansa. Babu wanda zai tambaye shi a fili, amma kafin azahar an fara raɗe-raɗi a tsakar gida cewa wai an ga wani abu a jininsa. Saboda gudun irin wannan kallo, wani in an sake kiransa sai ya kashe waya. Wani kuma, wanda shi ne ya fi hatsari, sai ya je ya zauna gaban ma'aikaciyar jinya ya ɓoye mata abin da ya kamata ya faɗa, don dai a ɗauki jininsa ya fita kunyar dangi.

Mutane da dama suna ɗauka cewa ba komai, tunda ai na'ura za ta gwada jinin. Binciken masana ya nuna ba haka abin yake ba. Na'ura tana da iyakarta, kuma akwai gurbin da babu abin da ke toshe shi sai gaskiyar mutumin da ya miƙa hannunsa.

Ƙarancin Jini Shi Ne Tushen Matsalar

Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930, ta zama ɗaya daga cikin unguwanni mafi cunkoson jama'a a Akara. Marasa lafiyarta da na Mamobi sukan fara ne da Babban Asibitin Mamobi, in abu ya yi tsanani a wuce Asibitin Sojoji na 37, ko Asibitin Ridge, ko kuwa Asibitin Koyarwa na Korle Bu wanda aka buɗe tun 1923. Waɗanda suka fi buƙatar ƙarin jini su ne matan da jini ya ɓalle musu wajen haihuwa, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da waɗanda suka yi haɗarin mota, sai masu cutar amosanin jini wato sikila, wadda ake ƙiyasin kimanin kashi 2 cikin 100 na jariran da ake haifa a Gana suna zuwa da ita.

Alhakin tara jini da tantance shi yana wuyan Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Korle Bu, tana kuma da manyan cibiyoyi a Akara da Kumasi da Tamale. A shekarar 2020 aka yi mata doka ta musamman mai lamba 1042. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi shi ne, ƙasa tana buƙatar aƙalla leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara. Ƙidayar 2021 ta nuna Gana na da mutum miliyan 30.8, ka ga ke nan ana buƙatar fiye da leda 300,000. Amma a 2022 abin da aka tara bai wuce leda wajen 180,000 ba, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya fito daga masu bayarwa don raɗin kansu. Sauran duk jinin musanya ne, wato wanda dangin majiyyaci suka kawo don a maye gurbin wanda aka ɗauko daga ma'ajiya.

Yawancin masu bayarwa don raɗin kansu kuwa ɗaliban makarantun sakandare ne da ƙungiyoyin addini. Shi ya sa da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, ma'ajiyoyin jini suka shiga halin ƙa-ƙa-ni-ka-yi. Idan ma'ajiya ta bushe, komai sai ya koma gaggawa, gaggawa kuwa ita ce ke haifar da matsin lamba a kan mai bayarwa.

Abin Da Ke Faruwa A Teburin Tambayoyi

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda abin yake. Da farko za a rubuta sunanka, a tabbatar shekarunka suna tsakanin 17 zuwa 60, nauyinka kuma bai gaza kilo 50 ba. Za a auna hawan jini da bugun zuciya, sannan a tsira maka ɗan tsinke a yatsa a ɗauki ɗigo ɗaya don a ga ko kai kanka kana da isasshen jini. A wurare da dama ana ɗiga shi ne cikin wani ruwa mai launin shuɗi. In ya nutse jininka ya isa, in ya tsaya yana yawo a sama sai a ce ka je ka ci abinci mai gina jiki ka dawo wani lokaci.

Daga nan sai tambayoyi, waɗanda ake yi a keɓe tsakaninka da ma'aikaci. Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Kana shan wani magani? Ka taɓa yin shawara, idanunka suka yi rawaya? An taɓa yi maka ƙarin jini? Ka yi tsaga ko ƙaho ko zane a jiki a 'yan watannin nan? Ka kusanci wata ko wani wanda ba ka san lafiyarsa ba? Ka taɓa yin allurar ƙwaya? Ga mata kuma za a tambayi juna biyu da shayarwa.

Wasu daga cikin waɗannan tambayoyi suna da nauyi a bakin ɗan zango, musamman idan mai tambayar mace ce sa'ar ƙanwarsa, ko kuma ya san kawunsa na zaune a benci a waje yana jira. Amma babu ko ɗaya da aka sa don tozarta wani. Ɗauki maganar wanzami, wanda har sauran ƙabilun Gana sun ari sunansa suna kiran mai kaciyar gargajiya da shi. Ƙaho da tsaga da sakiya da aski da aska ɗaya, da almakashin masu yankan farce da ke zagaya kasuwa, duk hanyoyi ne da jinin wani kan iya taɓa na wani idan ba a tsabtace kayan aiki ba. Shi ya sa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 ta ba da shawarar a dakatar da wanda aka yi wa tsaga ko huji ko zane na tsawon wata 12 kafin a ɗauki jininsa. Dakatarwa ce ta ɗan lokaci, ba hukunci ba.

Idan ka tsallake wannan mataki, sai a ɗauki mililita 450, wanda bai ma kai cikin ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi ba, alhali babban mutum yana ɗauke da wajen lita 5 a jikinsa. Allura da leda sababbi ne, sau ɗaya ake amfani da su, don haka mai bayarwa ba ya ɗaukar wata cuta ta wannan hanya.

Cututtuka Huɗu Da Ake Nema

Kowace leda, kafin a ɗaura wa majiyyaci, wajibi ne a gwada ta a kan cututtuka huɗu: ƙwayar cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da kuma tunjere. Ledar da aka samu da ɗaya daga cikinsu ba ta zuwa ko'ina, lalata ta ake yi.

A nan ne jama'a suka fi yin kuskuren fahimta. Da zarar an ji an mayar da wani, sai tunani ya tafi kan ƙanjamau. Alhali masu ɗauke da ƙanjamau a tsakanin manya a Gana ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Babbar damuwar ita ce ciwon hanta nau'in B. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara binciken da aka yi a Gana daga 1995 zuwa 2015, ya ƙiyasta cewa kashi 12.3 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna ɗauke da ita. Wato kusan mutum ɗaya cikin takwas.

Kuma akasarin waɗannan bayin Allah ba wani abin kunya suka aikata ba. A ƙasashenmu an fi ɗaukar wannan cuta ne tun ana jarirai, daga uwa wajen haihuwa, ko a ƙuruciya tsakanin yara a gida ɗaya. Jaririn da ya ɗauka, sau tara cikin goma takan zauna masa har girma, ba tare da wata alama ba, sai bayan shekaru masu yawa ta iya lalata hanta ko ta jawo sankara. Gana ta shigar da allurar rigakafinta cikin alluran yara a 2002, saboda haka waɗanda aka haifa kafin wannan shekara su ne suka fi buƙatar su san matsayinsu. Mutum yana iya zama ladanin masallaci, bai taɓa sanin wata mace ba sai matarsa, amma yana ɗauke da ita tun yana goye.

Lokacin Ɓuya

To me ya sa ba za a bar wa na'ura aikin gaba ɗaya ba? Dalili shi ne abin da za mu kira lokacin ɓuya. Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, akwai 'yan kwanaki ko makonni da take cikin jini, tana iya kama wani, amma gwaji bai isa ya gan ta ba. Yawancin gwaje-gwajen ba ƙwayar kanta suke nema ba, suna neman alamun da garkuwar jiki ke fitarwa ne bayan ta farga da baƙuwar, ko wani ɓangare na ƙwayar bayan ta yi yawa. Kamar mai neman sawun ɓarawo ne, sai ƙasa ta nuna kafin ya gani.

Ga ƙanjamau, gwajin ɗakin bincike na zamani yakan fara ganinta daga mako biyu zuwa shida bayan kamuwa, ƙaramin gwajin gaggawa kuwa yana iya kaiwa wata uku. Ga ciwon hanta nau'in C, alamun garkuwa sukan ɗauki wata biyu zuwa uku. Nau'in B ma yana iya ɓuya fiye da wata guda. Akwai gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar kai tsaye, wanda ke rage lokacin ɓuyan ƙanjamau zuwa kimanin kwana goma, amma yana da tsada ƙwarai, kuma ko shi ɗin bai share gurbin gaba ɗaya ba. Ƙananan asibitoci da yawa a Afirka ta Yamma kuwa, musamman cikin dare da lokacin gaggawa, da gwajin gaggawa suka dogara.

Ma'anar wannan a fili take. Saurayin da ya san ya yi wani abu mai haɗari makonni biyu da suka wuce, ya ɓoye, ana iya gwada jininsa ya fito fes. A ɗaura wa matar yayansa mai jego, ita kuma tana shayar da jariri. Ya zo ceton rai ɗaya, ya jefa biyu cikin wahala. A wannan gurbi babu likita, babu na'ura, daga shi sai Allah.

Darasin Da Duniya Ta Koya Da Tsada

Waɗannan ƙa'idoji ba haka kawai aka zauna aka ƙirƙira su ba, rayuka ne suka salwanta kafin a kai gare su. Tun da Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901 ƙarin jini ya fara zama abin dogaro, amma an daɗe ba a iya ganin cututtukan da ke tafiya cikinsa. Sai a shekarun 1960 Baruch Blumberg ya gano alamar ciwon hanta nau'in B. Gwajin ƙanjamau na farko ya fito a Amurka a 1985, shekara ɗaya kafin a tabbatar da ɓullar cutar a Gana a 1986. Nau'in C kuwa sai a 1989 aka gano ƙwayarsa.

A Birtaniya, rahoton kwamitin bincike da aka fitar a watan Mayun 2024 ya tabbatar da cewa fiye da mutum 30,000 suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka haɗa daga jini, tsakanin shekarun 1970 zuwa farkon 1990, kuma kimanin 3,000 sun riga sun mutu. Firayim Ministan lokacin, Rishi Sunak, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Wani ɓangare na waɗannan magunguna an haɗa su ne daga jinin da aka saya da kuɗi a Amurka, har daga fursunoni da masu allurar ƙwaya. Tun a 1975 Babban Taron Lafiya na Duniya ya yi kira ga ƙasashe su dogara da masu bayarwa kyauta. Dalilin bai sauya ba har yau: wanda ke jiran a biya shi ba zai faɗi abin da zai hana a biya shi ba.

Abin Da Aka Gano A Kumasi

Ba sai an je Turai ba, a nan cikin Gana ma an yi bincike masu muhimmanci, musamman a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. A 2011 masu bincike suka wallafa labarin wata yarinya 'yar shekara 8 da gwaji ya nuna ta ɗauki tunjere bayan an yi mata ƙarin jinin da ya kwana ɗaya kacal a firiji. An daɗe ana sakaci da wannan cuta a wurare da dama, bisa dogaro da cewa ƙwayarta na mutuwa idan jini ya yi wasu kwanaki cikin sanyi. Amma inda jini ke ƙaranci, leda ba ta samun wannan hutun. Daga hannun mai bayarwa sai jikin majiyyaci.

Sai maganar zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya cikin huɗun da aka wajabta gwadawa. Dalili kuwa, mutane da yawa a yankinmu suna yawo da ƙwayar a jininsu ba tare da ciwo ba, in aka ce a zubar da duk irin wannan jini ba abin da zai saura. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Kumasi, inda aka wanke jini da sinadarin bitamin B2 da wani haske na musamman. Cikin marasa lafiyar da aka ba jini mai ɗauke da ƙwayar, kashi 22 cikin 100 na waɗanda suka karɓi wanda ba a wanke ba sun kamu, waɗanda suka karɓi wankakke kuwa kashi 4 ne kawai. Kafin irin wannan fasaha ta wadata, tambayar nan ta "ka yi zazzaɓi kwanan nan?" tana da muhimmanci ga ƙaramin yaro da mai juna biyu.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar zango. Farfesa Jean-Pierre Allain na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa na Kumasi sun nuna cewa idan aka kwatanta masu shekaru ɗaya, ɗan sa-kai mai bayarwa karo na farko bai fi ɗan'uwan majiyyaci na haƙiƙa tsabtar jini ba. Wanda ya fi kowa aminci shi ne mai dawowa, wanda aka gwada shi bara, aka gwada shi bana, ya san matsayinsa, yake kuma kiyaye kansa. Don haka laifin ba na zumunci ba ne. Abin da ake buƙata shi ne ƙanin mijin nan da ya zo sau ɗaya saboda matar yayansa ya zama mai zuwa a kai a kai, ko babu wanda ya sani a kwance.

Kawun Haya

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen 'yan'uwan bogi. Idan dangi sun kasa, ko majiyyaci baƙo ne da ya zo ci-rani daga arewa ko daga Nijar ko Burkina Faso ba shi da kowa, akan samu masu shawagi a kusa da asibitoci suna cewa za su samo mai bayarwa in an biya. Wanda aka samo ya shiga ya ce shi kawu ne ko ƙane. Irin wannan ya haddace amsoshin tambayoyin, ya san inda zai ce a'a. Wani ma bai cika wata guda da bayarwa a wani asibiti ba, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce namiji ya huta mako 12, mace mako 16. Ya cuci kansa, ya kuma sayar wa mutane jini marar ƙarfi, mai yiwuwa kuma mai cuta.

Ya kamata a bambanta wannan da kuɗin da asibiti ke karɓa. Hukumar jini ta sha bayyana cewa ba a sayar da jini. Abin da ake biya kuɗin leda ne da gwaje-gwaje da ajiya cikin sanyi.

Malamai ma ba su bar wannan magana ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1989, ta yanke cewa karɓar kuɗi a madadin jini bai halatta ba, sai dai wanda larura ta tilasta wa saye don ceton majiyyaci, shi babu laifi a kansa, laifin na mai karɓa ne. A wannan zama kuma ta warware wani shakku da ke damun iyalai, cewa ƙarin jini ba ya haifar da 'yan'uwantaka irin ta shayarwa. Bayar da jini kyauta kuwa malamai na sa shi cikin babin ceton rai, suna kafa hujja da aya ta 32 ta Suratul Ma'ida. Idan kuwa sadaka ce, to ba a yin sadaka da abin da mutum ke zargin zai cutar.

Ga Wanda Aka Mayar

Idan an ce maka ka yi haƙuri, abu na farko shi ne ka tambayi dalili, haƙƙinka ne, kuma sirri ne tsakaninka da ma'aikacin. Sau da yawa dalilin bai wuce ƙarancin jini, ko hawan jini, ko maganin da kake sha, ko zazzaɓin makon jiya ba. Idan kuma gwaji ne ya nuna wani abu, wannan gwajin tantancewa ne, sai an sake tabbatarwa a asibiti, domin yakan yi kuskure ya nuna cuta inda babu.

In ma ta tabbata, ba ƙarshen rayuwa ba ne. Tunjere na warkewa da allurar fenisilin. Ciwon hanta nau'in C yanzu yana da magungunan da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 cikin kamar wata uku. Nau'in B yana da maganin da ke danne shi ga wanda ke buƙata, sannan a gwada matar gida da yara, a yi wa wanda bai kamu ba rigakafi. Mai ƙanjamau da ke shan magani a kan lokaci yana rayuwarsa, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Mutane da dama a teburin bayar da jini suka fara sanin abin da ke jikinsu, tun kafin ya kwantar da su.

Su kuma dangi da ke zaune a benci, babban taimakon da za su yi shi ne su kame bakinsu. Kawu ko gwaggo ko yaya, idan yaro ya fito ya ce ba a ɗauka ba, a ce masa sannu, Allah Ya ba da lada, a nemi wani. Duk ranar da aka tsare shi da tambaya, an koya wa na bayansa yin ƙarya.

Abin Da Zango Zai Iya Yi

Zango ba ya rasa tsari. Akwai sarakunan ƙabilu, akwai limamai tun daga na unguwa har ofishin Babban Limamin Ƙasa, akwai ƙungiyoyin mata masu adashi, da makarantun Islamiyya, da ƙungiyoyin ƙwallo, da majalisun ataya a kowane lungu. Idan kowane masallacin Juma'a a Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango da Madina zai gayyaci ma'aikatan hukumar jini sau biyu a shekara, misali kafin azumi da bayan Babbar Sallah, a kuma keɓe ɗaki mai ƙofa inda mutum zai amsa tambayoyi ba tare da maƙwabcinsa na ji ba, da an rage kiran tsakar dare ƙwarai. Ba sai an jira ranar 14 ga Yuni da duniya ke bikin masu bayar da jini ba. Jini ba ya ajiyuwa har abada, ledar jajayen ƙwayoyi makonni biyar zuwa shida take yi a firiji, don haka kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi taro ɗaya mai yawa.

Haka kuma ya kamata a samu masu jin Hausa a teburin tambayoyi, domin dattijo ko baƙon da ba ya jin Turanci ko Twi yakan ce a'a ga tambayar da bai fahimta ba. Wanzamai da masu aski da masu yankan farce su ma a jawo su a jiki, a ƙarfafa musu reza ɗaya mutum ɗaya.

Amma duk wannan yana komawa ne ga minti biyar ɗin nan da mutum zai zauna a gaban ma'aikaciyar jinya. Wanda ya san akwai shakka a ransa, ya faɗa, ko kuma ya ce yau ba ya jin daɗin jikinsa ya tashi, ba wanda zai tilasta shi. Bayan watanni ya dawo a gwada shi cikin natsuwa. Majiyyacin da ke kwance bai san sunan mai jinin ba, bai kuma da ikon tambaya. Amana ce kawai ya ba wanda bai taɓa gani ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.